Harbi cikin tafiya: gwaninta ce ko ganganci?

Nasiru, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na san a nan akwai maharba na gado, akwai malaman makaranta, akwai waɗanda suka yi aikin ɗamara, saboda haka ba zan rasa amsa ba. Bayan an kawar da amfanin gona na raka kawuna farautar zabin daji a wajen Kware. Shi ne mai bindiga da lasisinta, ni kuwa aikina riƙon jaka da gorar ruwa. Mun daɗe muna bin wani garken zabi a cikin karan dawa, har sau biyu suna fitowa fili muna tafe, amma bai ɗaga bindiga ba sai da ya tsaya cik ya kafa ƙafafunsa, kafin nan kuwa sun shige duhuwa. Da na ce masa ina ganin bidiyon 'yan gasar harbi na ƙasashen waje suna tafiya suna harbi kuma suna samu, sai ya yi dariya, ya ce wanda ya harba ƙafarsa ɗaya tana sama ya yi wa daji sadakar albarushi ne kawai. Abin da nake son sani shi ne, wa ya fi gaskiya tsakaninsa da mutanen bidiyon? Idan kuma ana iya riƙe saiti ana tafiya, mene ne sirrin abin?

Baba Ɗanjuma, Wurno:
Wa alaikumus salam, ɗana Nasiru. Jikana ne yake rubuta mini, ni bakina kawai nake ba shi. Kawunka ya faɗa maka gaskiya, kuma ka gaishe shi, domin daga jin maganarsa ya zauna da manya. Mu abin da muka gada shi ne, tafiya aikin sanɗa ce, harbi kuwa aikin tsayuwa ne, ba a cakuɗa su. Kana sanɗa ne iska na bugun fuskarka don kada naman ya ji warinka, kana sa ƙafa a hankali kana lalubar ƙasa kafin ka ɗora nauyinka, idonka yana kan naman, bakin bindiga yana kallon ƙasa. Idan ka kai inda kake so sai ka kafe, ko ka durƙusa, ko ka jingina da kututture idan Allah ya ba ka shi, ka bar numfashi ya sauka, sa'an nan ka taɓa kunama.

Akwai kuma abin da yaran yanzu ba su sani ba game da adaka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Tsakanin jan kunama da tashin albarushi akwai ɗan jinkiri, wani lokaci kamar ƙiftawar ido, wani lokaci kuma, idan albarushin ya sha raɓa, har sai ka zaci ta ƙi. A cikin wannan ɗan tsakanin dole bindigar ta zauna inda ka auna. Mai tafiya kuwa kafin wutar ta tashi ya riga ya yi rabin taki, bakin bindigarsa yana kallon wani wuri dabam.

Ni kaina na taɓa yi, ina saurayi. Wata gada ta tashi a gabana daga cikin sabara, na bi ta da taki uku na sake mata wuta ban tsaya ba. Harbin ya same ta a cinya, ta ja ƙafa ta shige sarƙaƙiya, muka bi jini har rana ta faɗi ba mu same ta ba. Mahaifina bai yi mini faɗa a gaban mutane ba, amma ya karɓe bindigar, ban sake riƙe ta ba sai da wata kaka ta zagayo. Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, to wannan magana ba ta maharba ba ce. A wurinmu gara ka kuskure gaba ɗaya da ka raunata dabba ta je ta mutu inda ba za ka same ta ka yanka ba, kai ba ka ci ba, ita ba ta rayu ba.

Malam Sani, Mabera:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ban taɓa farauta ba, malamin kimiyya ne a sakandare, amma abin da Baba ya faɗa lissafi yana goyon bayansa, kuma ina ganin idan aka sa lambobi a kai Nasiru zai fi ganewa. A ɗauka tazarar da ke tsakanin ma'aunin saiti na baya da na gaba a kan bindiga rabin mita ce, wato milimita 500. Idan bakin bindigar ya goce da milimita 1 kacal, wanda bai kai kaurin ƙwayar gero ba, to a nisan mita 50 harsashin zai kauce da santimita 10. Idan gocewar ta kai digiri ɗaya, a wannan nisa kaucewar ta kusa santimita 87, wato faɗin ƙofar ɗaki. Digiri ɗaya kuwa ba wani abu ba ne a hannun mutumin da ke tafiya.

Yanzu a duba yadda ɗan Adam yake tafiya. A kowane taki jiki yana hawa ya sauka da misalin santimita huɗu zuwa biyar, yana kuma karkata dama da hagu yayin da nauyi ke komawa daga wannan ƙafa zuwa waccan, kuma mai tafiyar yau da kullum yana yin kusan taki biyu a daƙiƙa ɗaya. Duk lokacin da diddige ya bugi ƙasa, girgizar tana bin ƙashin ƙafa ta hau gadon baya ta fita ta kafaɗa zuwa hannu. Abin lura shi ne, saurin tafiyar kansa ba shi ne babbar matsala ba. Mai tafiya a gicciye da saurin mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, idan harsashinsa ya yi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a iska, abin da tafiyar za ta ƙara masa na kaucewa santimita 15 ne. Rawar da bakin bindiga ke yi ita ce mai ɓarna, domin ita nisa yana ninka ta.

Usman, Arkilla:
Ina neman afuwar Baba da Malam, amma ina ganin an yi wa mutanen bidiyon rashin adalci tun kafin a saurare su. Ni na daɗe ina bin wannan gasa ta intanet, kuma ba siddabaru ba ce. Ƙungiyar da ke shirya ta a duniya, IPSC, an kafa ta ne a 1976 a Amurka, shugabanta na farko kuwa shi ne Jeff Cooper. Yadda suke ba da maki shi ne a raba makin da mutum ya samu a kan allo da yawan daƙiƙoƙin da ya ɗauka, saboda haka wanda ya tsaya a kowane allo yana asarar lokaci, wanda kuma ya yi gaggawa ya kuskure yana asarar maki. Wannan ne ya sa suka zauna suka nazarci yadda za a rage rawar da Malam Sani ya bayyana.

Abin da suke yi, kowa a Sakkwato ya taɓa ganin irinsa. A dubi 'yar Fulani da ƙwaryar nono cike a ka, tana saukowa daga gangaren hanya, ko ɗigo ba ya zuba. Gwiwoyinta ba sa miƙewa sarai, takunta gajere ne, ƙafarta tana mirginawa daga diddige zuwa yatsu maimakon ta doki ƙasa, ƙugunta ne yake shanye motsin, daga ƙirji zuwa sama kuwa kamar an dasa. Haka 'yan gasar suke yi: su ɗan rusuna, su gajarta taki, su bar gwiwa da ƙugu su yi aikin da sifirin mota yake yi, sa'an nan ba sa neman bindigar ta tsaya cik, domin ba za ta tsaya ba. Suna barin ta ta yi yawonta a cikin ɗan da'ira, muddin da'irar ba ta fita daga allon ba, su matsa kunama a hankali ba tare da fizga ba. Ko kaza ma, idan ka ɗauke ta kana juya jikinta, za ka ga kanta ya tsaya wuri ɗaya. Saboda haka maganar cewa ba ya yiwuwa sam, ni ban yarda da ita ba.

Baba Ɗanjuma, Wurno:
Usman, ɗana, na ji misalinka na ƙwaryar nono kuma ya yi mini daɗi, domin sanɗar maharbi ma haka take. Amma ina da tambaya uku. Allon nan nasu, taki nawa ne tsakaninsa da mai harbi? Ƙasar da suke takawa, akwai kunya da kututturen dawa da ramin gafiya a cikinta? Sa'an nan mene ne a bayan allon?

Usman, Arkilla:
Ranka ya daɗe, ka kama ni ta inda ban shirya ba. Gaskiya ne allunan da suke harbi suna tafiya na kusa ne kuma masu faɗi, idan aka sa musu ƙaramin allo a nesa su ma tsayawa suke yi. Filin kuma a share yake, sun zagaya shi da ƙafa kafin a fara, sun san inda za su sa kowane taki. A bayan allunan akwai tudun ƙasa da aka tara musamman don ya tare harsashi, kuma alƙali yana biye da mai harbi a bayansa. Duk wanda ya juya bakin bindiga ya wuce gefensa zuwa wajen mutane, ko ya bar yatsa a kan kunama yana sauya wuri alhali ba allo yake aunawa ba, korarsa ake yi daga gasar baki ɗaya, ko da shi ne zakara. Amma duk da haka ina nan a kan bakana cewa fasaha ce ta gaske, ba ganganci ba.

Malama Hadiza, Gawon Nama:
Ina so in shigo ta ɓangaren tarihi, wanda shi ne abin da nake koyarwa, domin wannan gardama ta girmi bindiga da kanta. Mahayan Mongol da na Farisa ta dā sun yi suna wajen harbin kibiya doki na sukuwa, kuma abin da ake ruwaitowa shi ne suna sakin tsirkiya ne a daidai lokacin da kofatan doki huɗu suka bar ƙasa, domin a nan ne kaɗai babu bugu. An daɗe ana musu a kan ko akwai irin wannan lokaci a sukuwar doki, sai a 1878 Eadweard Muybridge ya ɗauki jerin hotuna a Kalifoniya da suka nuna akwai. A Japan har yau ana yin bikin da mahayi ke sakin doki a guje ya harbi alluna uku a jere. Kenan Usman yana da hujja: mutane sun daɗe da gano cewa a cikin motsi akwai gurbin natsuwa, kuma wanda ya shekara yana nema yakan same shi. Sai dai waɗannan mutane tun suna yara suke kan doki, ba abin da ake koya a wata uku ba ne.

Idan muka dawo gida kuwa, tarihinmu ya fi karkata wajen Baba. A Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki masu yawa, ƙarfinsu 'yan baka ne da ke ƙasa, kuma su ne suka tsaya suka tari dawakin Gobir ƙarƙashin Yunfa har aka samu nasara. Bayan shekara casa'in da tara, ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya na Sakkwato abin ya juya: sojojin Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ja daga mai kusurwa huɗu suka kafe, da igwa da bindiga mai ruwa, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru kuwa su ne masu kawo hari a guje. Ba na cewa tsayuwa kaɗai ce ta raba gardama, bambancin makamai ya yi yawa ƙwarai, amma a duka ranakun biyu masu harbi daga tsaye ne suka yi rinjaye a kan masu zuwa da gudu.

Saje Garba (mai ritaya), Dange:
Malama ta yi bayani mai kyau. Ni na yi shekaru a aikin soja kafin in ajiye kaki, kuma ba zan shiga abin da ya shafi dabarun aiki ba, domin wannan zaure ba wurinsa ba ne. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da duk wanda ya je filin koyon harbi ya gani da idonsa. Kurtu yakan fara ne daga kwance, domin a nan ƙasa ce ke riƙe masa bindiga. Idan ya iya sai a tashe shi ya durƙusa, nan take za ka ga ramukan da ke kan allonsa sun fara warwatsuwa. Idan ya miƙe tsaye su ƙara bajewa. To wanda bai gama mallakar tsayuwa ba, ina shi ina tafiya? A gafarce ni da wannan karin magana, amma ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Kuma akwai abin da bidiyo ba ya nunawa, Usman. Mutumin da ka gani ya yi daƙiƙa ashirin yana burge ka, ya ƙona harsashi dubbai kafin ranar, a ƙasar da yake da fili da malami da kuɗin saye. Yaronmu na nan zai kalla a waya da dare, da safe ya ɗauki bindigar kakansa da aka ɗaure gindinta da waya ya ce zai gwada. Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro a cikin maganar, ba wai ko tana yiwuwa ko ba ta yiwuwa ba.

Malam Sani, Mabera:
Saje ya tuna mini da wata gasa da ke cikin wasannin Olamfik na hunturu tun 1960, wadda ake haɗa tseren kan ƙanƙara da harbi. Waɗannan mutane suna tsere ne na kilomitoci da bindiga a goye, kowace daƙiƙa tana da tsada a wurinsu, amma idan suka iso wurin harbi tsayawa suke yi cik. Allunan biyar ne a nisan mita 50, faɗin kowanne santimita 11.5 idan a tsaye za a harba, santimita 4.5 idan a kwance ne, kuma a yawancin tserensu duk allon da mutum ya kuskure sai ya yi zagayen horo na mita 150. Tun kafin su iso suke rage gudu don zuciya ta lafa, domin bugun zuciya kaɗai yana motsa bakin bindiga. Wato ko bayan ƙafa ta tsaya, jiki bai gama tafiya ba.

Akwai kuma ruɗanin da nake so a warware. Harbin abin da ke motsi dabam, harbin da mutum ke yi shi kansa yana motsi dabam. Kawun Nasiru idan zabuwa ta tashi sama zai bi ta da bakin bindiga, har ya ɗan wuce gabanta kafin ya harba, saboda idan tana gudun mita 15 a daƙiƙa, ƙwayoyin harsashin kuma suka yi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin su isa, ta riga ta ci mita ɗaya da rabi. Amma a nan ƙugu da kafaɗa ne ke juyawa, ƙafafu a dashe suke. Har a Olamfik an yi gasar allo mai gudu, ta ƙarshe a Atina a 2004, kuma a can ma allon ne ke tafiya, mai harbin yana tsaye.

Nasiru, ga gwajin da ba ya bukatar bindiga ko kaɗan. Ka samu sanda mai tsawon mita ɗaya ka ɗaure ƙaramar tocila a bakinta, da dare ka zana da'ira kamar faifai a bangon gidanku da gawayi, ka ja baya taki goma sha biyar. Ka riƙe sandar a kafaɗa kana tsaye ka ga yadda hasken ke rawa, sa'an nan ka taho da tafiyarka ta kullum, sa'an nan ka gwada tafiyar mai ƙwaryar nono. Gani ya kori ji.

Hajiya Luba, Minanata:
Na yi shiru ina karantawa, amma tambayar Baba ta uku ce ta sa dole in yi magana, domin ni ina ganin ƙarshen abin ne, ba farkonsa ba. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin da ake karɓar masu rauni, kuma lokacin farautar rani ba ya wucewa ba a kawo mana wani ba. Wanda ba na mantawa wani yaro ne da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, an kawo shi a bayan a-kori-kura an naɗe cinyarsa da rawani. Yayansa ne ya harbe shi. Sun fita farautar gayya, zomo ya tashi, kowa ya ruga, yayan yana gudu da bindiga a ɗane yatsansa a ciki, ya yi tuntuɓe da kunya. Bai ma yi niyyar harbi ba, faɗuwar ce ta matse masa hannu. Abin da aka ɗura a bindigar guntayen ƙarfe ne, likita ya daɗe yana tsince su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a tasa, ina jin ƙararsu har yau. Yaron ya rayu amma yana ɗingishi, yayan kuwa ya kwana uku a bakin ƙofa ya ƙi cin abinci.

Saboda haka ni idan ana maganar saiti, tunanina ba ya zuwa kan ko an samu zomon. Mai tafiya idonsa ɗaya ne, ko ya kalli gabansa ko ya kalli ƙasa, kuma abin da ke bayan naman yana sauyawa da kowane taki: yanzu tudu ne, taki biyu gaba kuma makiyayi ne da shanunsa, ko mata masu ɗiban itace. Wanda ya tsaya yana da damar ya duba wannan kafin ya harba.

Usman, Arkilla:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan labari ya sanyaya mini jiki. Sai dai ina roƙon a lura cewa abin da ya faru da yaran nan shi ne ainihin abin da dokar gasar ta hana. Ƙa'idoji huɗun da ake dangantawa da Cooper su ne: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar lalatawa ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an auna, kuma a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Da yayan nan ya san ta uku kaɗai, da tuntuɓen ya ƙare a kurjewar gwiwa. Ni a ganina matsalarmu rashin wurin koyo ne. Hana magana a kan abin ba zai hana yara gudu da bindiga a daji ba.

Saje Garba (mai ritaya), Dange:
A nan kam na yarda da kai rabi. Ƙa'idojin daidai suke, mu ma da irinsu aka horar da mu. Inda muka rabu shi ne, kai kana ganin a koya wa mutum tafiya da harbi cikin tsari, ni kuwa ina ganin mafarauci ba shi da bukatar wannan darasi ko kaɗan. Ɗan gasa agogo yake tsere da shi. Mafarauci idan zabuwa ta tsere yau, gobe tana nan.

Barista Aminu, Sama Road:
Tunda Usman ya ambaci wurin koyo, bari in ƙara abin da doka ta ce, don kada wani ya karanta wannan muhawara ya ɗauka an buɗe masa ƙofa. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na yaƙi, da ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsaye, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin adakar da Baba ya ambata, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mutane da yawa suna zaton bindigar gado ba ruwanta da hukuma, wannan kuskure ne. Lasisin kuma na mutum ɗaya ne, na kawun Nasiru bai rufe Nasiru ba, saboda haka ya ci gaba da riƙon gorarsa. Idan kuma harbi ya sami mutum, cewa tuntuɓe aka yi ba ya wanke mai bindiga a gaban alƙali, domin tambayar da za a yi masa ita ce me ya sa yake gudu da ita a ɗane.

Nasiru, Runjin Sambo:
Na gode wa kowa, kuma Barista ya kwantar da hankalinsa, gora ce rabona. Na yi gwajin Malam Sani daren jiya bayan sallar isha'i, da muciyar mahaifiyata da tocilar waya, ƙannena suna ta dariya. Ina tsaye, hasken yana ɗan rawa amma bai fita daga da'irar ba. Da na taho da tafiyata ta kullum, sai ya riƙa tsalle yana zana wani abu kamar lamba takwas a kwance, kowane taki sai ya fita ta sama ko ta gefe, sau ɗaya har ya haska tagar maƙwabta. Da na rusuna na gajarta taki kamar yadda Yaya Usman ya ce, gaskiya rawar ta ragu sosai, sai dai ba ta zauna cikin da'irar ba sai da na matso kamar taki shida, kuma kafin in yi sau biyar cinyoyina sun ɗauki zafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ina kallon hasken ban san lokacin da na yi karo da turmi ba, alhali a tsakar gidan da aka haife ni ne.

Usman, Arkilla:
To ka ga ta ragu ke nan, a daren farko ma. Ka yi wata guda kana yi ka dawo ka ba mu labari.

Baba Ɗanjuma, Wurno:
Jikana ya karanta mini, na yi dariya har da tari a kan maganar turmi. Nasiru, idan kawunka ya yarda, ku zo Wurno ranar Asabar ta sama, shi ya bar bindigarsa a gida, kai ka zo da muciyarka. Usman ma ya biyo ku, ina so in ga tafiyar nan tasa a gonar da aka cire dawa ba a share ba. Zan kai ku bakin fadama da asuba in nuna muku yadda ake kusantar zabi har a ji ƙarar tsincen da suke yi. Ku sa takalma masu rufi, domin ƙarangiya ta yi yawa bana.